Naƙudar Ummusalma a Bakin Boda

A unguwar bayan tasha ta Jibiya, in zancen boda ya taso, kowa sai ya kama bakinsa, don Ummusalma matar Ɗantala tela ce za ta karɓe shi. Ita ta san inda ake cusa atamfa, ita ta san yadda ake kwantar da shinkafa a ƙarƙashin kujerar mota, ita ta san irin kallon da ake yi wa mai kaki ya ɗaga shinge yana ba da haƙuri. Gaskiyar magana kuwa, abin da ta taɓa ƙetarowa da shi a ɓoye duk rayuwarta bai wuce ƙullin dabino ba, shi ma a ƙasan goyo, kuma da ta iso gida kwana ta yi ba ta runtsa ba saboda tsoro. To amma irinmu iyaye mata, in fargaba ta yi mana yawa, baki ne ke buɗewa.

Autarta Sumayya ta samu aikin gwaji a ɗan ɗakin karatun jama'a da ke kusa da kasuwa, wanda 'yan boko ke ce wa laburare. Shugaban wurin, Malam Badaruddeen, kowace shekara yana yin abin da ya kira Shirin Bazara, kafin ruwa ya sauka mutane su watse gona. A karanta wa yara labarai, a koya wa mata haɗa sabulu, a nuna wa manoma yadda ake gwada iri. Ranar buɗewa kuma kowane ma'aikaci a ba shi tebur, a rubuta "Zaɓin Ma'aikata", ya jera littattafan da ya karanta suka burge shi, ya gaya wa jama'a dalilin da zai sa su ara. Bana Malam ya faɗa wa masu gwajin ƙiri-ƙiri cewa gurbi ɗaya ne, wanda teburinsa ya ja mutane shi zai zauna.

Sumayya ta yi dabara. Littattafan da ke laburaren kowa ya gaji da ganin su, wasu ma gara ta riga kowa karantawa. Sai ta yi magana da wani malamin makaranta a Ɗan Isa, can tsallaken iyaka, Mushe Abdu (haka suke ce wa malami da Faransanci), ya yarda zai ara mata sababbin littattafan Hausa na wajensu. Ana gobe buɗewa, direban da zai kawo su ya bugo waya wai injinsa ya buga a hanyar Maraɗi.

Yarinya ta dawo gida ta zauna bakin rijiya, ido ya yi ja.

"Inna, shi ke nan. Gobe tun safe ina can wajen jera benci, ba mai ɗauko mani. Gaban tebur ba komai zan tsaya."

Aikin nan shi ne abin da Ummusalma take kwana tana roƙo a kai. Amma maimakon ta ce wayyo, sai ta buga ƙirji.

"Ina raye? Ke ɗiyar wa ce? Ni da bodar nan tun ba a haife ki ba muke gaisawa."

"Inna, littattafai ne fa kawai. A kwali suke, ɗaukowa za ki yi."

"Ke dai ki shimfiɗa ƙyallen tebur. Kafin la'asar suna gabanki."

Kafin magariba ta zagaye unguwa gida-gida, tana jan kowace mace gefe. "Gobe zan shiga Nijar ɗauko wasu kaya masu nauyi. Ke kaɗai na faɗa wa, kada in ji a waje."

Da safe ta bi maƙwabciyarta Uwa, mai sayar da daddawa da barkono, wadda kowace kasuwa sai ta ƙetara sarin kaya. Suka shiga tsohuwar motar Ɗanladi direba. Suna dosar shinge Ummusalma ta runtse ido, ta karanto duk addu'ar da ta sani har da ta shiga banɗaki. Mai kaki ya leƙo, ya ɗaga hannu, suka wuce.

"Kin ga kallon da na yi mashi?" in ji ta.

"Da wane idon?" in ji Uwa. "Na ga dai kin rufe su kamar mai jiran allura."

"Shi ne sirrin. Ba za ki gane ba."

A Ɗan Isa, Mushe Abdu ya karɓe su da ruwan sanyi, ya jawo kwali ya ajiye gabanta.

"Madam, ga su. Ki ɗora a cinya kawai. Duwan, wato kwastan ɗinmu, ba ruwansu da littafi, naku ma haka."

Ummusalma ta yi mashi irin dariyar da ake yi wa yaro ya ce zai auri uwarsa.

"Mushe, kai karatu ka sani, boda tamu ce. Duk abin da ya shigo a kwali, a kwali ake kama shi. Ina ɗakin matarka?"

A ɗakin ta fito da kayan aikin da ta taho da su: tsofaffin zannuwa da robar tayar babur da aka yanka dogo-dogo. Ta sa Uwa ɗauri. Masu kauri a ciki, sirara a haƙarƙari, wani ƙato a gadon baya, wasu a cinyoyi. Ƙananan na yara da suka rage, ta tura su cikin buhun barkonon Uwa.

"Ummu, don Allah ki ji maganar malamin nan."

"Ja robar dai."

"Na ja. Kina numfashi?"

"Numfashi sai mun ƙetara."

Uwa ta ja da baya ta ƙare mata kallo. "Cikin nan naki kusurwa huɗu gare shi."

"Hijabi zai rufe."

Hijabi ya rufe, amma bai gyara ba. Ta fito tana tafiya kamar an sa wa kabad ƙafafu. Ta zo yi wa Mushe sallama, rusunawa ta gagara, ta gaishe shi a miƙe kamar soja. Bawan Allah ya dubi kwalinsa ba komai, ya dube ta, ya ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake faɗa wa mai tafiya yaƙi.

A tasha Ɗanladi ya zagaye ta.

"Hajiya, ba ke na kawo da safe ba?"

"Ni ce."

"To me suka ba ki a Nijar?"

"Fura."

"Don girman Allah ki nuna mani gidan mai furar nan, in kai matata."

Shiga mota ta zama aiki. Ba ta lanƙwasuwa ta tsakiya. Aka gwada ta baya, ƙofa ta ƙi. Aka sauko da wani ɗan kasuwa daga gaba yana ƙunƙuni, aka kwantar da kujera, aka zura ta a kishingiɗe kamar katako. Uwa da wata tsohuwa 'yar Daddara suna bayanta.

Ranar bazara kuwa ba ta san wasa ba. Gumi ya fara bin littattafan, roba ta kama nama. Motar na faɗawa rami, kusurwar wani littafi ta soke ta a haƙarƙari.

"Wash!"

Tsohuwar ta leƙo. "Sannu ɗiyata. Wata nawa ne?"

Uwa ta cusa bakinta cikin gyale. Ummusalma kuwa sai ta ji kamar an kunna mata fitila a kai. Ta ce a ranta, ka ji dabara ta zo da ƙafarta.

"Ya tsufa, Baba," ta ce da ƙaramar murya. "Yau ko gobe."

"Ummu!" in ji Uwa. "Jikokinki fa suna firamare."

"Ikon Allah ne. Ki yi mani shiru."

Ɓangaren Nijar ko kallon su ba a yi ba. Da suka iso namu, akwai layi, ana buɗe bayan motoci ana dubawa. Ummusalma ta hango wani jami'i yana zura hannu cikin buhu, ta ji zuciyarta na dukan littafin da ke ƙirjinta. Ta lissafa cewa ba wanda zai tsayar da mai naƙuda. Ta buɗe baki ta saki ihu.

"Wayyo Allah marata! Wayyo bayana! Ku buɗe mana hanya!"

Hanya ba ta buɗe ba. Abin da ya faru, aiki ne ya tsaya cak. Jami'an nan suka bar motocin da suke dubawa suka rugo. Wata jami'a mai ƙiba ta buɗe ƙofa tana cewa a yi a hankali, ba za ta kai asibiti a wannan gwangwanin ba. Kafin Ummusalma ta ce a'a, an ciro ta an shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya. Matan da ke cikin layi suka kwance mayafai suka yi mata zagaye. Masu sayar da ruwan leda, 'yan acaɓa, direbobin tirela, kowa ya taru a baya yana salati.

Ta ji muryar Ɗanladi yana waya da mijinta da ƙarfi. "Maigida, ka ajiye keken ɗinkin nan! Hajiya na kan gwiwa a boda!" Ya saurara. "Wace Hajiya kuma? Taka mana! Ni ma da safe ban lura ba!"

Tsohuwar Daddara ta ture kowa, tana naɗe hannun riga. "Ku ba ni wuri. Ni ungozoma ce, rabin garinmu a hannuna suka faɗo."

Ummusalma ta kamo zanen Uwa ta raɗa mata, "Uwa, ki cece ni."

"Yi masu kallon nan naki mana."

Ungozoma ta ɗora hannu bisa cikin, ta latsa nan, ta latsa can. Fuskarta ta canza.

"La'ilaha illallahu. Ɗan nan kansa da kaifi. Kuma a kwance yake, shafal. Ɗiyata, me kike ci?"

"Fura," in ji Uwa.

"Yunƙura! Yunƙura mu gani!"

Ummusalma ta yunƙura, amma ba don haihuwa ba, don ta tashi ta gudu. Roba da ta sha gumi da rana ta ce ba da ni ba. Tas! Ta tsinke, ta tsula wa jami'ar a hannu. Wani abu ya sulalo daga ƙarƙashin hijabi, ya faɗo tim a kan tabarma.

Daga bayan mayafai wani dattijo ya ɗaga murya. "An sauka?"

"An sauka," in ji Uwa, hawaye na zubo mata.

"Alhamdulillahi! Me aka samu?"

Jami'ar ta ɗaga abin da yatsa biyu, ta juya shi, ta karanta bangon. "Na kiwon awaki ne."

Kafin dattijon ya gane, na biyu ya biyo, na uku ya biyo, sai ga su suna zubowa kamar an girgiza magarya.

"Tagwaye ne?"

"Baba, ka dai samu wuri ka zauna," in ji Uwa. "Da saura."

Mayafai suka sauka, don masu riƙon sun kasa tsayuwa. Ungozoma ta zauna dirshan tana tafa hannu, wai tunda take ba ta taɓa karɓar mai bango ba. Wani direban tirela har da kwanciya a kan kwalta.

Babban jami'in wurin, wani mai furfura a gemu, ya zo ya tsaya kan tulin littattafan. Da alama da dariya yake kokawa.

"Hajiya, wa ya ce maki an hana shigo da littafin kiwon awaki?"

"Ranka ya daɗe, ai na ga daga waje suke."

"Da kin ɗora su a cinya, ko sannu ba za mu ce maki ba sai ta gaisuwa. To me ya sa kika ɓoye?"

Ummusalma ta buɗe baki, ta nemi dalili sama da ƙasa. "Haka na ji ana yi."

"To yanzu kin ba mu aiki. Abin da aka ɓoye, dole mu duba shi ciki da bai."

Suka zauna suna buɗe littattafan shafi-shafi, suna girgizawa. Uwa, don kada a ce da ita, ta zazzago na cikin buhun barkono. Jami'in da ya buɗe na farko ya saki atishawa har hularsa ta faɗi, na kusa da shi ya karɓa, atishawa ta zagaye shinge kaf. Ana cikin haka inuwar darbejiya ta miƙe, aka fara kiran la'asar a masallacin bakin hanya.

Nan ne kukan gaske ya zo wa Ummusalma, ba irin na ɗazu mai kiɗa ba. Ta durƙusa, yanzu da take iya durƙusawa.

"Ranka ya daɗe, ni ku tsare ni, na cancanta. Amma a kai wa ɗiyata littattafan nan. Tana can laburare tsaye gaban tebur ba komai, aikinta a kansu yake. Ita ta ce mani in ɗauko a kwali, ni ce mai iyawa."

Mai furfura ya share hanci, ya dube ta. "Tashi. Mu za mu kai ki da kanmu, mu ji daga bakin mai laburaren. In gaskiya ne, shi ke nan."

Aka ɗora ta a bayan a-kori-kurar jami'ai, ita da Uwa da littattafan da buhun barkono. Ba su yi nisa ba suka yi kiciɓis da Ɗantala a kan acaɓa, hula a karkace, tef ɗin awo a wuya. Ya hango matarsa zaune daram tsakanin masu kaki, ba ciki ba goyo. Ya sa aka juya aka bi su yana ɗaga hannu. "Ina abin da aka samu?"

Labari kuwa ya riga su shiga gari, kuma kashi biyu ya rabu. Rabin Jibiya sun ji matar tela ta haihu a boda. Ɗaya rabin, wato duk matan da ta faɗa wa su kaɗai, sun ji an kama ta da kaya masu nauyi. Masu barka suka fito da sabulu da ƙullin kanwa, masu jaje suka fito da carbi, duk suka bi bayan motar.

Daga saman motar Ummusalma ta hango farfajiyar laburaren. Benci a jere, ba kowa sai tsofaffi 'yan kaɗan suna gyangyaɗi da yara suna wasan ƙasa. Ga Sumayya tsaye bayan tebur mai farin ƙyalle, ba ko takarda a kai. Ga Malam Badaruddeen yana duban hanya yana girgiza kai. Motar na tsayawa, jama'a suka cika wurin har kan katanga.

Mai furfura ya sauka suka gaisa da Malam, ya yi tambayarsa, aka ba shi amsa, ya sa aka sauke littattafan a kan teburin Sumayya. Yarinyar ta dubi littattafan, ta dubi uwarta, ta dubi taron.

"Inna, me kika yi?"

"Na ce kafin la'asar. An ɗan samu cunkoso."

Ɗanladi, da ya biyo su da motarsa, ya hau benci ya ba da labarin tun daga fura har zuwa yunƙuri. Dariyar da aka yi, an ce har tasha an ji ta. Ummusalma ta ja hijabi ta rufe fuska, tana roƙon ƙasa ta yi mata alfarma. Sai wata murya daga baya ta ce, "To a nuna mana jariran!"

Sumayya ta yi kamar za ta shige ƙarƙashin tebur. Sai ta daure, ta ɗauki na sama, wanda ya lanƙwashe daidai da cikin uwarta, da ɗan damshinsa. Ta ɗaga shi.

"Wanga shi ya fara fitowa." Aka sake fashewa. Ta jira aka lafa. "Na karanta shi lokacin da na je Ɗan Isa. Duk mai akuyar da ke ramewa da farkon damina, akwai abin da zai yi mata tun yanzu, yana ciki, da hotuna. Wa ke da akuya?"

Hannuwa suka tashi. Ta ɗauki na lambu, ta ɗauki na adana iri, ta ɗauki na tatsuniyoyi ta karanta farkon ɗaya ta tsaya daidai inda daɗin yake. Yara suka yi caa sai ta ƙarasa, ta ce sai wanda ya ara. Layi ya miƙe har bakin titi. Matan da suka zo barka suka ce ba za su koma hannu biyu ba, kowace sai ta ɗauki jinjiri ɗaya. Jami'a mai ƙiba ma ta ari na yara, tana atishawa tana sa hannu. Kafin rana ta yi ja, ƙyalle kaɗai ya rage a teburin, kuma an cika sunaye a ajin sabulu da na gwajin iri.

Malam Badaruddeen ya zaro makullin laburaren daga aljihu ya miƙa wa Sumayya. "Daga gobe ke za ki riƙa buɗewa. Ki zo da wuri."

Ummusalma ta ji wani sanyi tun daga kai har tafin ƙafa. Ɗantala ya matso kusa da ita yana share gumi.

"Ni da har na tsayar da rago wajen Isah mahauci."

"Kada ka fasa," in ji Uwa. "Sunan da yawa."

Da jin sanyin nan kuwa sai bakin ya dawo. Ta sauke hijabi daga fuska, ta dubi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya.

"Kun dai gani da idonku. Wa aka taɓa rakowa daga boda da motar hukuma in ba ni ba? Duk cikin shiri ne. Wanda bai san boda ba sai ya ɗauka kuskure ne."

Ta juya ta rusuna don yi wa Malam godiya. Ƙaton nan na gadon baya, da kowa ya manta da shi har ita, ya sulalo ya faɗi tim a bayan ƙafarta.

"Mabiyiya ta fito," in ji Uwa. "Yanzu sai wankan jego."

Malam ya ɗauke shi ya kaɗe, yana danne murmushi. "Hajiya, mun gode. Amma na aro ne, in ruwa ya sauka sai an mayar wa Mushe Abdu kayansa. Tunda kin san hanya, ke za ki kai. Sai dai wannan karon a kwali, a kan cinya, a fili."

Ummusalma ta zaro ido. "A fili? Kowa yana kallo?"

"Kowa yana kallo."

Ta matsa jikin Uwa, ta rage murya yadda take zaton ba mai ji.

"Uwa, ke kin san wannan hanyar? Don Allah ki raka ni. Ita kaɗai ce ban taɓa bi ba."